A Zaure Ake Sallama: Hujjar Kulle Zancen Da Ke Tsakanin Wayarmu Da Saba

A watan Satumba na 2021 wayoyin mutanen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa suka yi shiru. Gwamnatin Jihar Katsina, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta sa an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, kwanaki kaɗan bayan an yi haka a Jihar Zamfara. Kafin nan an riga an rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, daga baya kuma aka hana sana'ar cajin waya a yankin. Dalilin da hukuma ta bayar bai ɓuya ga kowa ba: 'yan bindiga suna amfani da waya wajen karɓar rahoto daga mutanensu na cikin gari, da wajen cinikin kuɗin fansa. Watanni tara kacal ke nan bayan daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara.

Har yau ana saɓani a kan ko katse layin ya yi amfani ko ya ƙara wa talaka wahala. Wannan muhawara ce ta wata rana. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne darasin da matakin ya bari: hukuma da kanta ta amince cewa a wannan yanki labari yana iya kashe mutum. Wanda ya san wa ya sayar da masara buhu hamsin, wa ɗansa ke aiko masa da kuɗi daga Legas, wa ya je ya tsegunta wa jami'an tsaro inda aka kafa sansani, ya riƙe makamin da ya kai bindiga haɗari.

Sabis ya dawo, kuma yanzu bayanan da muke turawa ta waya sun ninka na wancan lokacin. Ana rajistar 'yan gudun hijira ta waya, ana cike takardar neman rancen noma ta waya, ana biyan kuɗin makaranta da rajistar jarabawa ta intanet, mai POS yana tura kuɗin jama'a safe da yamma. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan saƙonni yana tafiya ne zuwa wata kwamfuta da ke zaune tana jiran baƙi, wadda ake kira saba, wasu kuma su ce mata uwar garke. Ra'ayina a taƙaice shi ne: duk wanda ya kafa saba domin karɓar bayanan mutanen wannan yanki, bai halatta gare shi ya karɓi ko da saƙo guda a buɗe ba. Kuma wajibi ne ya kulle zancen ta yadda mai tsohuwar waya a ƙauyen Sabuwa zai iya shiga, kada kullewar ta zame masa katanga.

Wasiƙar da ba ta da ambulan

Idan ka cike fom a wayarka ka latsa a aika, saƙon ba ya faɗawa hannun mai saba kai tsaye. Yana zuwa turken sadarwa, ya ratsa na'urorin kamfanin waya, ya bi ta hannun wasu kamfanonin da ba ka taɓa jin sunansu ba, watakila ya ƙetare teku, sannan ya isa. Idan kuma a shagon kwamfuta ka cike, ko ka hau intanet ɗin da wani ya raba maka daga wayarsa, to mai shagon ko mai wayar shi ne zango na farko.

Tsohuwar ƙa'idar aika shafukan intanet, wadda ake kira HTTP, tana ɗaukar saƙo ne kamar wasiƙar da aka ba direban mota ba a naɗe ba. Kowane zango yana iya karantawa. Abin da ya fi wannan muni, yana iya canzawa: ya goge lambar asusun da za a tura wa kuɗi ya rubuta tasa, kuma mai aikawa da mai karɓa babu wanda zai ankara. Ba a bukatar gwani kafin a yi wannan. Manhajojin da ke nuna abin da ke wucewa a kan layi kyauta ake sauke su, ɗaliban kwamfuta ma da su ake koya musu darasi.

Na taɓa ganin wani fom da ke yawo a WhatsApp, wanda wata ƙungiyar agaji ta shirya da kyakkyawar niyya domin taimakon waɗanda aka kora daga ƙauyukansu. Yana tambayar suna, lambar waya, ƙauyen da aka baro, gidan da ake fake a yanzu, yawan iyali da yawan dabbobin da suka rage. Adireshinsa a buɗe yake, babu kulli. Wanda ya rubuta shi ya ɗauka takardar rabon shinkafa ya haɗa. A idon wanda ke neman wanda zai sace, wannan jerin sunaye ne da adireshi da farashi. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin zamani bai bukatar ya zauna a majalisa yana kasa kunne idan zancen yana ratsawa ta shagonsa.

Abin da ke faruwa a bakin ƙofa

Gidan Bahaushe yana da tsari. Baƙo ba ya kutsawa tsakar gida. Yana tsayawa a ƙofa ya yi sallama, a amsa, a shigar da shi zaure, a gaisa, kowa ya tabbatar da wanda yake magana da shi, sannan a shiga zancen da ya kawo shi. Saba ma haka take, kuma wanda ya fahimci zaure ya fahimci rabin aikin.

Mai rubuta manhajar saba yana fara da buɗe ƙofa. Kowace kwamfuta tana da ƙofofi masu lamba. Bisa al'ada, ƙofa ta 80 ita ce ta zance a buɗe, ta 443 kuma ta zance a kulle. Manhajar za ta zauna tana saurare. Idan waya ta zo, akan yi musayar gajerun saƙonni uku, kamar a ce "salamu alaikum", a amsa, baƙo ya tabbatar ya ji amsar. Daga nan sai manhajar ta karɓi baƙon, ta keɓe masa layinsa shi kaɗai, ta koma tana sauraren na gaba.

A wannan matakin babu abin da aka kulle tukuna. An dai buɗe ƙofa. Kullewar tana zuwa ne a gaisuwar zaure, bisa ƙa'idar da ake kira TLS. Waya ce ke fara magana: ta faɗi irin salon kulli da ta iya, ta faɗi sunan shafin da take nema, ta miƙa rabonta na haɗa makulli. Saba ta zaɓi salo ɗaya daga cikin waɗanda dukansu suka iya, ta miƙa nata rabon, ta gabatar da takardar shaidarta, ta kuma sa hannu a kan duk abin da aka faɗa zuwa yanzu da wani makullin sirri da ita kaɗai ta mallaka. Waya ta duba takardar da sa hannun. Idan sun inganta, kowa ya aika wa ɗan'uwansa taƙaitaccen lissafin gaisuwar gaba ɗaya, domin a tabbatar babu wanda ya sa baki a tsakani. Sai bayan haka ne sunanka da lambar wayarka za su bar hannunka.

Wannan tsari ya girmi yawancin masu amfani da shi. Kamfanin Netscape na Amurka ne ya fito da shi a 1995 da sunan SSL, kuma cikin waɗanda suka jagoranci aikin akwai masanin lissafi ɗan asalin Masar, Taher Elgamal. A 1999 aka mayar da shi ƙa'idar kowa da kowa da sunan TLS. An sabunta shi a 2006 da 2008, sannan a watan Agusta na 2018 aka fitar da TLS 1.3, wanda shi ne na yanzu. Harafin S da kake gani a ƙarshen HTTPS alama ce cewa an bi ta wannan zaure.

Yadda biyu ke haɗa sirri a gaban jama'a

Mai hankali zai tambaya: idan gaisuwar a bainar jama'a ake fara ta, ta yaya za a yi yarjejeniya a kan makulli ba tare da mai laɓe ya ji ba? Whitfield Diffie da Martin Hellman ne suka wallafa amsar a 1976, kuma ana iya gwada ta da alƙalami.

A ce waya da saba sun amince a fili da lambobi biyu, 3 da 17. Waya ta zaɓi 7 a zuciyarta. Ta jera 3 sau bakwai ta ninka su, ta samu 2187, ta raba da 17, saura 11. Ta aika 11. Saba ta zaɓi 6 a zuciyarta, ta jera 3 sau shida ta ninka, ta samu 729, ta raba da 17, saura 15. Ta aika 15. Yanzu waya ta ɗauki 15 ta jera sau bakwai ta ninka, ta raba da 17, saura 8. Saba ta ɗauki 11 ta jera sau shida ta ninka, ta raba da 17, ita ma saura 8. Dukansu sun isa ga 8, alhali 8 bai taɓa bin layi ba. Mai laɓe ya ji 3, 17, 11 da 15, amma bai ji 7 ko 6 ba.

Da ƙananan lambobi irin waɗannan, yaro ma zai lalubo amsar da gwaji. A aikin gaske lambobin suna da girman da duk kwamfutocin yau ba za su iya lalubo su ba a tsawon rayuwar ɗan Adam. A TLS 1.3 kuma, lambobin da ake zaɓa a zuciya sababbi ne a kowace sabuwar gaisuwa, ana jefar da su da an gama. Amfanin haka babba ne: ko da wani ya naɗi zancenka yau, ya kuma sace makullin saba baɗi, ba zai iya komawa ya buɗe na yau ba.

Hatimi da mai shaida

Kulli shi kaɗai bai isa ba, domin kana iya kulle sirrinka da kyau ka miƙa wa ɓarawo. Wani yana iya tsayawa a tsakiya, ya ce da waya shi ne saba, ya ce da saba shi ne waya. Maganin wannan shi ne takardar shaida. Kamar yadda a da ake duba hatimin sarki a kan wasiƙa kafin a yarda da manzo, haka waya ke duba ko takardar saba tana ɗauke da sa hannun wata hukumar shaida da ta sani. Kowace waya tana fitowa daga masana'anta da jerin irin waɗannan hukumomi. Tana duba abu uku: wa ya sa hannu, sunan da ke takardar ya dace da shafin da ake nema, kuma wa'adinta bai ƙare ba.

Tsarin yana da rauninsa, kuma an ga haka. A 2011 aka kutsa cikin wata hukumar shaida ta ƙasar Holan mai suna DigiNotar, aka buga takardun jabu da sunan Google, aka yi amfani da su wajen leƙen saƙonnin mutane a Iran. Masu burauza suka cire ta daga jerin amintattu, kamfanin ya rushe cikin makonni. A 2019 gwamnatin Kazakistan ta nemi 'yan ƙasarta su ɗora wata takardar shaida tata a wayoyinsu, wadda za ta ba ta damar karanta abin da suke yi, Google da Mozilla da Apple suka toshe ta. Labaran biyu suna nuna cewa masu ƙarfi suna kashe dukiya da dabara domin su karya wannan kulli, wanda hakan shaida ce cewa yana hana su abin da suke so.

A da ana iya fakewa da tsada, domin takardar shaida da dala ake sayenta kowace shekara. Wannan uzuri ya mutu tun ƙarshen 2015, lokacin da Let's Encrypt ta fara bayar da ita kyauta ga duk wanda ya tabbatar shi ke riƙe da sunan shafinsa. Takardarta ta al'ada kwana 90 take yi, kuma akwai manhajoji kamar Certbot da ke sabunta ta da kansu. Tun watan Yuli na 2018 burauzar Chrome ke yi wa duk shafin da ke a buɗe tambarin rashin tsaro. Wanda ya bar sabarsa a buɗe a yau, ko dai bai sani ba ko bai damu ba, kuma ɗayansu babu wanda ya dace da mai riƙe amanar jama'a.

Inda namu ke tuntuɓe

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar yawanci ba a lissafin take ba, a hannun magini take. Kurakurai kaɗan ne ke maimaita kansu.

Na farko, kashe binciken takarda. Mai rubuta manhajar waya yana gwaji, takardar sabarsa ba ta inganta ba, manhajar ta ƙi haɗuwa. Maimakon ya gyara takardar, sai ya rubuta layi ɗaya da ke cewa a yarda da kowace takarda, da niyyar zai cire daga baya, ya manta. Zancen yana nan a kulle, amma duk wanda ya tsaya a hanya ya ce shi ne mai gida za a ba shi makullin.

Na biyu, barin ƙofa ta 80 tana karɓar bayanai kafada da kafada da ta 443. Aikin da ya rage wa tsohuwar ƙofa shi ne ta nuna wa baƙo sabuwar, sannan saba ta sanar da burauza cewa daga yau kada ta sake zuwa sai ta kullalliyar hanya.

Na uku, wasa da makullin sirri. Shi ne hatimin gidan. Wanda ya tura shi ga abokin aiki ta WhatsApp, ko ya bar shi cikin fayilolin da ya ɗora a wurin da kowa ke gani, ya ba da damar a yi sojan gona da sunansa.

Na huɗu, ƙin sabunta kayan aiki. A watan Afrilu na 2014 aka gano wani kuskure a OpenSSL, manhajar da saba masu ɗimbin yawa ke amfani da ita wajen wannan gaisuwa. Kuskuren, wanda aka laƙaba wa suna Heartbleed, yana barin baƙo ya tatsi abin da ke cikin ƙwaƙwalwar saba, har da kalmomin sirri da makullai. An fitar da gyara nan take, amma gyara bai amfani wanda bai ɗora shi ba. Sabar da aka kafa da kuɗin wani shiri, shirin ya ƙare, aka bar ta tana aiki babu mai dubawa, rijiya ce da aka rufe da ganye.

Na biyar, barin wa'adin takarda ya ƙare. Illarsa ta wuce rufewar shafi na kwana biyu. Jama'a suna ganin gargaɗi, ma'aikaci ya ce musu su latsa su wuce ba komai, su saba da haka. Ranar da gargaɗin zai zama na gaske, an riga an koya musu kada su kula.

A gina domin Sabuwa

Yawancin masu rubuta manhaja suna gwada aikinsu ne a Abuja ko Kano, da sabuwar waya da sabis mai ƙarfi. Mutumin da aka yi aikin dominsa yana iya zama a inda sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya ta sabis. A nan ne hujjata ta biyu take.

Kowane zuwa da dawowa tsakanin waya da saba yana cin lokaci. Buɗe ƙofa zagaye ɗaya ne. Cikakkiyar gaisuwar TLS 1.2 zagaye biyu ce, ta TLS 1.3 kuma ɗaya. A ce a raunanan layi kowane zagaye rabin daƙiƙa ne: na farko zai ci daƙiƙa ɗaya da rabi kafin a fara zance, na biyu daƙiƙa ɗaya. A inda layi ke yankewa kowane lokaci, zagaye guda shi ne bambancin saƙon da ya isa da wanda ya mutu a hanya. Akwai kuma damar ba baƙo wata alama da zai nuna idan ya dawo, a taƙaita masa gaisuwa. Har ma ana iya barinsa ya haɗa saƙonsa da sallamar farko, sai dai wannan bai dace da biyan kuɗi ba, domin mai laɓe yana iya naɗar saƙon ya sake aikawa, a yi aikin sau biyu.

Akwai batun haƙuri. Saba tana yanke wa kowane baƙo wa'adin kammala gaisuwa. Idan ya yi gajarta, an kori mutumin ƙauye kafin ya gama sallama. Idan kuma manhajar ta tsaya a bakin ƙofa tana jiran baƙo ɗaya ya gama kafin ta amsa wa na gaba, to mutum guda mai raunin layi, ko mai mugun nufi da ya yi sallama ya yi shiru, zai tsayar da kowa. Tsarin da ya dace shi ne mai tsaron ƙofa ya karɓi baƙo, ya miƙa shi ga wani ya gaisa da shi a zaure da haƙuri mai iyaka, shi kuma ya koma bakin ƙofa nan take.

Sai tsofaffin wayoyi. Jerin hukumomin shaida da ke cikin waya yana tsufa tare da ita. Wayoyin Android da ba su kai sigar 7.1.1 ba ba su san tushen takardar Let's Encrypt ba, sun dogara ne da wata gada da aka yi musu, wadda aka janye a 2024. Akwai kuma agogo. Waya tana gane wa'adin takarda ne da kwanan watan da ke cikinta, kuma tsohuwar wayar da batirinta ya mutu ko aka cire shi a inda babu sabis tana iya farkawa da kwanan watan shekarun baya, ta ƙi kowace takarda mai kyau. Mai gini ya san waɗannan, ya gwada aikinsa da irin wayar da ke hannun mutanen, ya kuma rubuta saƙon kuskure da Hausa mai cewa a duba kwanan wata.

A nan jarabawar take. Idan aka kawo ƙorafi cewa wasu sun kasa shiga, abu mafi sauƙi shi ne a buɗe musu tsohuwar ƙofa, ko a dawo da TLS 1.0 da 1.1 da aka yi ritayarsu a hukumance a watan Maris na 2021. Wannan ba tausayi ba ne. Ma'anarsa a ba wanda ya fi kowa rauni kariyar da ta fi kowace rauni. Gara a tanadi ma'aikaci mai wayar da ta dace ya cike masa, ko a koma takarda da biro a kulle a akwati.

Ba 'yan bindiga ake taimaka wa ba?

Dole a amsa wannan tambaya da gaskiya, domin wanda aka kashe masa ɗa yana da haƙƙin yin ta. Idan an kulle zance, ba an ɗaure hannun jami'an tsaro ba ke nan?

Akwai kulli iri biyu, kuma ana yawan cakuɗa su. Irin wanda WhatsApp ya ɗora wa kowa tun 2016 yana rufe saƙo daga mai aikawa har mai karɓa, ta yadda kamfanin ma ba ya gani. A kan wannan akwai muhawara ta gaske a duniya. Wanda nake magana a kai yana rufe hanya ce kawai tsakanin waya da saba. Mai saba yana ganin komai, kuma hukuma tana iya zuwa masa da umarnin kotu. Wanda aka hana shi ne mai laɓe a hanya, wanda ba shi da izinin kowa.

Sannan a duba wa ke asara idan zance ya kasance a buɗe. Mai garkuwa da mutane kiran waya yake yi ya faɗi kuɗin da yake so, bai cike fom a sabar kowa. Masu cike fom su ne manomi, bazawara, malamin makaranta, da mutumin da ya ga wani abu yana son ya faɗa ba tare da an san shi ne ba. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar, kuma duk irin wannan runduna da bayanan jama'a take rayuwa. Mutum ba zai yi magana ba sai ya tabbata maganarsa ba za ta riga shi isa daji ba. Saboda haka kulle hanyar rahoto yana cikin aikin tsaro.

Iyakar abin da kulli ke yi

Kada kuma a ɗora masa abin da bai ce zai ɗauka ba. TLS yana ɓoye abin da ka faɗa, amma a mafi yawan lokaci mai laɓe yana iya ganin sunan shafin da ka ziyarta, da lokacin, da yawan abin da ka tura. Ganin HTTPS a adireshi bai nuna mai shafin mutumin kirki ba ne, domin 'yan damfara ma suna samun takardar kyauta da sunan shafinsu na bogi. Kuma da saƙo ya isa, an buɗe shi. Idan ma'aikata goma suna amfani da kalmar sirri ɗaya, ko ana sauke jerin sunayen ana yawo da shi a wayoyi, to an kulle ƙofar gida an bar katangar baya a rushe.

Kariyar da ta fi kowace ita ce kada a tambayi abin da ba a bukata. Mai rabon abinci yana bukatar yawan bakuna, bai bukatar yawan shanu. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin taƙaita abin da yake karɓa da kuma tsare shi, ta kuma kafa hukumar da za ta bi kadi. Amma tun kafin doka mun san hukuncin amana.

Ga mai ba da kwangilar manhaja, ko shugaban ƙungiya, ko jami'in ƙaramar hukuma, ba sai ka iya lissafin da ke sama ba. Ka yi wa maginin tambayoyi biyar kafin ka biya shi: Sabar tana karɓar wani abu a buɗe? Wa ke riƙe da makullin sirri? Yaya takardar ke sabunta kanta? Wa zai ci gaba da ɗora gyara bayan ka tafi? Da wace waya ka gwada, kuma a ina? Idan ya yi ta kame-kame, ka jinkirta buɗe shafin, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga matasanmu da ke koyon rubuta manhaja a Funtuwa, Katsina, Dutsinma da Zariya, ku ne za ku gina yawancin waɗannan ƙofofi, kuma waɗanda za su bi ta cikinsu iyayenku ne da maƙwabtanku. Koyon karɓar baƙo a kulle aikin mako ɗaya ne ko biyu. Ku koye shi kafin ku karɓi sunan mutum na farko.